Aron Rariya a Nairobi

Duk wanda ya nemi gidan haya a Daura cikin shekarun nan, in dai yana da uwa ko gwaggo mai hankali, to an ce masa ya je ya ɗauko Inna Talatu. Ba dillaliya ba ce. Ba ruwanta da tayil ko silin, in ka nuna mata banɗaki mai famfon sama sai ta ce "to madalla" ta wuce. Maƙwabta take dubawa, kuma hanyarta ɗaya ce tal. Sai ta gyara mayafi, ta shiga gidan da ke jikin wanda ake so a kama, ta yi sallama, ta ce don Allah a ara mata rariyar tankaɗe. Daga yadda aka amsa mata take yanke hukunci, kuma har yau ba a sami wanda ya dawo ya ce ta jefa shi a wahala ba.

Ba gadon wannan sana'a ta yi ba, wuya ce ta koya mata. Marigayi mijinta, Malam Sama'ila, malamin gona ne, irin ma'aikacin nan da ba ya iya riƙe bakinsa a gaban manya, don haka kusan duk shekara biyu sai an yi masa canjin wurin aiki. Daga Sandamu garinsu aka jefa su Zango, daga Zango sai Mai'aduwa, aka dawo da su Daura, aka sake kora su ƙauye. Gida goma sha ɗaya ta zauna a rayuwarta. A na uku, can Mai'aduwa, naƙudar ɗanta na fari ta kama ta da rana tsaka, maigidan yana daji wurin manoma. Ta yi ta dukan katanga da muciya, ba wanda ya leƙo. Gidan kuwa mai kyau ne, har da rijiya a tsakar gida. Tun daga ranar ta daina kallon gini.

Da Malam ya rasu, sai ta kafa tukunyar ɗanwake a ƙofar makarantar firamare, ta yi shekara goma sha takwas a wurin. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san malamin da ke son yara da wanda albashi kawai ya kawo shi, ta kuma san yaron da bai karya ba tun daga yadda yake jan takalmi. Da wannan tukunya ta yi wa ɗan nan nata na fari karatu har ya zama likitan dabbobi. Sunansa Nu'uman, amma ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta saboda kunyar ɗan fari. Da yana yaro "wancan" take ce masa, da ya gama jami'a ta koma "Likita", ta huta.

Sai kuma Raihana, 'yar Likita. Tana wata ashirin uwarta Fadila ta kawo ta Daura yaye, aka ce sati biyu za ta yi, don Fadila na karatun jinya a Katsina. Sati biyun nan ne suka zama shekara biyar da rabi. Gadonsu ɗaya, kwanonsu ɗaya, kullum suna faɗa a kan wa ya fi wani son ƙanzo. Ba sa kiran juna da suna, "ƙawata" kawai, har mutanen unguwa suka saba cewa ga ƙawayen nan sun fito.

Ranar da labari ya zo cewa Likita ya sami aiki a Nairobi, a wata hukuma mai binciken cututtukan dabbobi, Inna Talatu ta rangaɗa guɗar da ta tashi kajin gida uku. Ta yi rawa da muciya a hannu. Maƙwabciyarta Hasana ta shigo a guje da kumfar wanki har gwiwar hannu, ta ɗauka gobara ce, da ta ji zancen ita ma ta shiga rawar ba ta ko tambayi inda Nairobin take ba. Aka ce za a ba shi gida, shi zai zaɓi unguwa. Aka ce za a sa masa 'ya a makarantar 'ya'yan baƙi, irin wadda ɗan Sin da ɗan Turawa da ɗan Habasha ke zama benci ɗaya, ita ma shi zai zaɓa.

"Wace 'ya?" in ji Inna Talatu, muciyar tana sama.

Fadila, wadda ta kawo labarin, ta sunkuyar da kai. "Raihana, Inna. Da ita za mu tafi, in kin amince."

Inna ta ajiye muciyar a hankali. Ba ta da bakin hanawa, ta sani, 'yarsu ce. Amma ba ta san yadda ake kwana a gadon nan ita kaɗai ba. Sai ta ɗaga kai ta ce, "To, ba inda ƙawata za ta sai na ga makarantar da idona, na kuma san unguwar. Ni da nake zaɓar wa bare gida, ba za a kai jinina inda ban auna ba."

Kowa ya ce gaskiya ne, har Likita ta waya ya rantse ba zai sa hannu a takardar komai ba sai ta ce to. Abin da ba su sani ba, Inna ta riga ta yi lissafinta a zuci. Ƙasar da ba a tuƙa tuwo, ina za a sami rariya, balle mai ara ta? Ta tabbata duk unguwannin faɗuwa za su yi, Raihana ta zauna.

Likita ya riga su tafiya. Fadila ta dawo Daura jiran biza, wayarta kuwa ta zama majigin unguwa. Kullum da hantsi mata sun cika tsakar gidan, an jingina wayar a jikin turmi, ana kallon hotunan da ya turo: makarantu uku, unguwanni uku. Sunayensu ba su faɗuwa, don haka Inna ta raɗa musu nata. Akwai Makarantar Tafki, mai wurin iyo shuɗi shar. Akwai Makarantar Kwat, inda yara ke shiga kamar lauyoyi. Akwai Makarantar Kaji, don a hotonta an ga yara suna ba kaji tsaba a bayan aji. Hasana ta mutu a kan Tafki. Ta ce in ana ɗaukar tsofaffi ita ma a rubuta ta, ko shara ce ta yi. Raihana kuma kwat take so, har ta fara yawo da rigar sanyin marigayi kakanta tana jan ta a ƙasa, tana yi wa awaki Turanci.

Fadila ta karanto musu bayanin kowace makaranta, tsarin karatun Ingila da na Amurka, yara nawa a aji, harsuna nawa ake koyarwa. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Duk na ji. Ce wa Likita ya je ya tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, ya ɗaga wayar sama. Maigadi nake so in gani."

Haka babban ma'aikaci ya yi kwana uku yana fita daga ofis da rana, ya tsaya a bakin titi da waya a sama kamar mai neman sabis. A Makarantar Kwat, lasifika ce ke kiran lamba, yaro ya fito ya faɗa mota.

"Lamba?" in ji Inna. "Yo awaki ne a kasuwar kara? Wuce."

A Makarantar Tafki maigadin ƙato ne mai kaki, yana sara wa kowace mota, amma ko sau ɗaya bai dubi ƙasa inda yaran suke ba. Hasana ta ce ai ladabi ne. Inna ta ce ladabin mota ne, kuma ita ba mota za ta tura ba.

Rana ta uku aka je Makarantar Kaji. Maigadin wani tsoho ne siriri mai furfura. Duk yaron da ya fito sai ya kira sunansa, ya tafa masa hannu. Wata 'yar ƙarama ta zo wucewa kanta a ƙasa, ba ta kula shi ba. Tsohon ya bar ƙofar, ya durƙusa a gabanta, ya ɗaure mata igiyar takalmin da ba ta ma kwance ba, yana yi mata magana har ta ɗago ta yi murmushi. Inna Talatu ta manta da kanta. Ta miƙe tsaye ta buga cinya.

"Wannan ne! Wallahi wannan ne! Kun ga takalmin nan lafiyarsa ƙalau, fuskarta ya gani!"

Tsakar gida ta kaure da shewa. Sai da ta zauna ta gane abin da bakinta ya yi mata: ta buɗe ƙofa ɗaya da hannunta. Ta ji haushin kanta ƙwarai, ta huce a kan akuyar da ke cin zanin Hasana. Bayan kwana huɗu malamar ajin ta gana da Raihana ta waya, ta tambaye ta abin da ta fi iyawa. Raihana ta ruga ta ɗauko kwano ta nuna mata yadda ake saka ɗanwake a tukunya, da bayanin yawan kanwa. Aka ɗauke ta.

Saura unguwa. Nan Inna ta gyara zama, don nan ne gonarta.

"Inna, don girman Allah," in ji Likita ta waya, "nan fa ba Daura ba ce. Ni babban ma'aikaci ne a wurin nan. In je in buga ƙofar mutane in ce a ara min rariya?"

"Babban ma'aikaci ba ya cin tuwo?"

"Za su ɗauka taɓaɓɓe ne."

"To ka bar min ƙawata, ka zauna da hankalinka."

Ya je. Sai da Fadila ta ɗauki hoton rariyar gidan ta tura masa, don ya nuna in baki ya gaza. Aka sa Asabar uku, kowace unguwa da tata. Zai sa wayar a aljihun gaba ido na leƙe, a Daura kuma a jefa ta Fadila cikin kwanon silba don murya ta fito. Matan da suka taru Asabar ta farko sun fi na ranar suna, har da mai tallan goro da ta ga taro ta shigo.

Ta farko Unguwar Karnuka ce, gidaje manya cikin itatuwa, kowace katanga da waya mai lantarki. Likita bai ko kai ga ƙofa ba. Mai gadin layin ya tambaye shi ko an san da zuwansa, ya nuna hoton rariya, mutumin ya duba ya sake dubawa, ya kira wani a rediyo. Sai ga haushin karnuka. Abin da aka gani a kwanon silba daga nan sama ce da ƙasa suna juyawa, da muryar likitan dabbobi guda yana salati yana gudu. Hasana ta yi dariya har ta faɗo daga kujera. Inna ta share hawayen dariya ta ce, "Ta faɗi." Ranar har da nama ta sa a miya.

Ta biyu Unguwar Bene, dogon gini mai hawa goma sha biyu, ga kanti a ƙasa, ga wurin wasan yara. Fadila ita take so, ta kwana tana addu'a. Wata mata mai fara'a ta buɗe ƙofa iya tsawon sarƙa, ta ga hoton, ta ce ya jira. Ta dawo da rariya sabuwa fil, ta miƙo ta tsakanin ƙofa, ta yi magana da murmushi, ta rufe. Mata suka fara guɗa.

"Dakata," in ji Inna. "Me ta ce a ƙarshe?"

Fadila ta ce, "Cewa ta yi ya riƙe, ta ba shi kyauta, ba sai ya maido ba. Kin ga kirki, Inna."

"Kirki ne, amma ta faɗi. Ke 'yar nan, wadda ta ce ki riƙe, cewa ta yi kada ki sake dawowa. Ta sallame ki ke nan. Ranar da kika buga katanga, ita ta riga ta biya."

Duk wanda ke wurin ya san labarin Mai'aduwa. Fadila ta shiga ɗaki ranta a ɓace. Inna kuwa zuciyarta fari tas, saura ɗaya. Da la'asar aka ji ta tana waƙa tana yi wa Raihana kitso.

Ta uku ita ce ba wanda ya sa wa rai. Unguwar Shanya suka sa mata, don a hoton ba abin da ake gani sai kayan wanki a kowace baranda. Gidaje ne masu hawa uku sun kewaye fili, fentinsu ya koɗe, kekunan yara a zube. Abokan aikin Likita ma sun ce masa mai matsayinsa ba ya zama a nan, ga hayaniya, ga cunkoso kafin a kai ofis. An yi ruwa da safe a Daura ranar, mata suka matsu a rumfa, kwanon silba a tsakiya.

Ya buga ƙofar da ke kallon gidan da babu kowa, wanda ake so a kama. Wata mata 'yar Somaliya ta buɗe gaba ɗaya, da jariri a kafaɗa da ludayi a hannu. Ta dubi hoton ta yi dariya, ta ce tata ta yage tun watan jiya. Inna ta saki ajiyar zuciya, har ta fara tattara zani za ta tashi.

Sai matar ta fito tsakiyar fili, ta ɗaga kai sama, ta ƙwala kiran wata da sunanta. Taga ta buɗe a hawa na uku. Aka yi 'yar hayaniya da yaren da ba wanda ya ji, wata taga ta buɗe, wata tsohuwa 'yar Indiya ta sa baki. Can sai ga rariya tana saukowa a cikin kwando ɗaure da igiya, tsohuwa, gefenta a lotse, da sauran gari a jikinta. Ta saman ta yi magana tana nuna agogon hannunta, 'yar Somaliyar ta mayar wa Likita da Turanci.

"Me ta ce?" in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa.

Fadila ta fassara. "Ta ce lallai ya maido kafin ƙarfe huɗu, za ta yi burodin gidanta. Ita kuma wannan, sunanta Amatullah, tana tambaya wai ina matarsa da zai zo aron rariya da kansa, kuma yara nawa gare shi, don motar Makarantar Kaji a bakin ƙofarsu take tsayawa, nata biyu can suke."

Ba wanda ya yi guɗa. Duk aka juyo ana kallon Inna Talatu. Ita kuwa ta san abin da ta gani. Wadda ba ta da ita ba ta ce babu ta rufe ƙofa ba, ta san sunan ta sama, ta san abin da ke cikin kicin ɗinta. Rariyar ta sha aiki, alamar tana yawo gida-gida. An kuma ce a maido. A shekara talatin na aron rariya, sau uku kacal ta ga an cika duka.

Kuma ba wanda ya san ƙa'idar sai ita. In ta ce ta faɗi, ta faɗi, ba mai musu. Tana iya cewa hayaniya ta yi yawa, ko igiyar nan raini ce. Likita ya rantse, ba zai saɓa ba. Raihana tana jingine a cinyarta, kitson da ta yi mata ko tsufa bai yi ba, tana wasa da zoben hannunta. Ta so ta yi ƙaryar, har ga Allah ta so. Sai ta tuna muciya da katangar Mai'aduwa, ta dubi Fadila, wadda za ta je ƙasar da ba ta da uwa ba ta da gwaggo.

Ta sunkuya kan kwanon silba. "Likita."

"Na'am, Inna."

"Kama gidan. Kuma kada ka kuskura ka mayar da rariyar nan haka. Ka zuba ƙuli-ƙulin da na ba ka a ciki."

Rumfa ta fashe. Hasana ta ɗauki kwanon da wayar a ciki tana kaɗawa, Fadila ta rungume surukarta ta manta da kunya, Raihana tana tsalle a cikin taɓo da rigar kakanta. Inna ma ta yi guɗa, ta fi ta kowa tsawo, don muddin tana guɗa ba mai cewa ta yi magana.

Biza ta fito bayan sati uku. Ranar tafiya da safe, motar da za ta kai su filin jirgi na Kano tana ƙofar gida, Inna ta ce a buɗe mata babbar jakar Fadila. Ta wuce kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, ta zaro sabuwar rariyar da Fadila ta saya a kasuwa, ta maƙale ta a hammata.

"Inna, ai da ita zan yi tankaɗe."

"Ba za ki da ita ba. In kin isa, ki aiki ƙawata hawa na uku ta aro. Kullum ita za ki aika, har su san ta."

Ta durƙusa ta gyara wa Raihana igiyar takalmi, ta daɗe a kai. "Ƙawata, in an ce ki maido da ƙarfe huɗu, ki kai da uku da rabi. Kin ji?"

"Na ji, ƙawata. Ki ajiye min ƙanzo."

Mota ta tashi. Ta tsaya har ta sha kwana, sannan ta koma ciki ta rataye sabuwar rariyar a ƙusa, kusa da tata. Ta zauna a bakin gado, ta tashi. Ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Gidan ya yi mata faɗi, shirun ya ishe ta, kewar yarinyar ta taso mata tun rana ba ta yi tsaka ba. Sai ta ɗauki mayafi ta fita, ta shiga gidan da ke jikin nata ta yi sallama.

"Hasana, ara min rariya."

Hasana ta ɗago daga tsintar shinkafa. Da idonta ta ga an zare sabuwa daga jaka ɗazu, ta kuma san tsohuwar tana nan lafiya a ƙusa. Ta dubi fuskar Inna Talatu. Ta jawo tabarma da ƙafa, ta tura mata farantin shinkafar.

"Zauna ki taya ni tukuna, sai in duba inda na sa ta. Kuma ki maido min kafin la'asar, Yaya. Gobe in kina so, sai ki sake zuwa ki ara."